Rokar Yaya

Kafinta mutum ne da bakinsa ke a tafin hannunsa. In yana son ya ce maka sannu da rashi, sai ka wayi gari ka ga ya gyara maka ƙafar benci. In ya yi maka laifi kuwa, kada ka jira ban haƙuri, ka duba ƙofar ɗakinka, za ka tarar ta daina ƙara. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta yi shekara talatin da ɗaya tana fassara shi ga mutane. Da ta rasu sai aka rasa tafinta, mutane suka koma gaishe shi daga nesa.

Shekararsa sittin da bakwai yanzu, ya daina karɓar aiki, amma kullum da safe sai ya buɗe shagon da ke jikin gidansa, ya share garin katakon da babu shi, ya jera zarto da guduma bisa tebur, ya zauna. 'Ya'yansa biyu suna can wasu garuruwa, suna kira ranar hutu, hirar ba ta wuce minti uku. Abinci yakan dafa na mutum ɗaya a ƙaramar tukunya, ya ci a tsaye.

Yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya girme shi da shekara huɗu. Yaya ya yi aikin ofis a wani gari mai nisa har ya yi ritaya, kuma tsakaninsu babu faɗa, babu kuma hira. Suna haɗuwa wajen biki ko rasuwa, su yi musabaha, su tambayi iyali, daga nan kowa ya kama kallon takalminsa. A farkon shekarar nan ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, 'yarsa ta ɗauko shi ta dawo da shi wurinta, a hawa na huɗu na wani dogon bene da bai fi tafiyar rabin awa a bas daga shagon Kafinta ba.

Sau ɗaya ya je dubiya. Ya zauna a bakin kujera, ya ce ya jiki, Yaya ya ce da sauƙi da bakinsa da ya karkace. Can idon Kafinta ya sauka kan ƙofar durowa da ta saki, ya ciro sukundireba daga aljihu, ya ɗaure ta, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya sauko. A matattakala ya ji kunyar kansa ta rufe shi, domin ya san abin da ya kai shi ba durowa ba ce.

Abin da ya kai shi ya faru tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Mahaifinsu direban babbar mota ne, wata rana ya dawo daga doguwar tafiya da wani kwali mai hoton roka a jiki, ya miƙa wa Yaya. Rokar wasa ce irin wadda ake haɗawa da hannu: bututun kwali, fukafukai uku, hanci mai tsini, 'yar laima ta roba da za ta sauko da ita, da inji guda ɗaya tak, kamar ɗan yatsa, cike da albarushi. Yaya ya yi wata guda yana haɗa ta, ya shafe ta da farin fenti, ya ja mata jan layi, ya ce sai ranar da ya gama jarrabawa za a harba. Ƙanin bai iya jira ba. Wata rana da Yaya ke makaranta ya saci jiki da ita zuwa bayan layin dogo, ya haɗa wayoyin injin da batir yadda ya ga Yaya na gwadawa, roka ta tashi. Laimar ta buɗe, iska ta ɗauke ta ta tsallaka katangar wata masana'anta, shi ke nan. A gida aka ce ɓarawo ne ya zura hannu ta taga. Yaya ya yi kwana biyu yana nema, ƙanin na taya shi ɗaga katifa. Bayan 'yan watanni aka tura Yaya makarantar kwana, shi kuma aka kai shi wajen koyon kafinta, maganar ba ta ƙara tasowa ba. Tun daga ranar bai sake iya kallon wansa ido cikin ido ba.

Takardar bayanin haɗa rokar tana nan a wurinsa. Ya ɓoye ta a ƙasan akwatin kayan aikinsa duk tsawon shekarun nan, ta yi ja, ta tsage a wuraren ninki. Washegarin dubiyar ya ciro ta ya shimfiɗa a tebur, ya danne kusurwoyinta da ƙusoshi huɗu. Ya yanke shawara irin tasa: zai ƙera wata sak irin waccan, ya kai Yaya fili, ya sa masa madannin harba ta a hannunsa mai lafiya, roka ta tashi ta sauko, ya ɗauko ya ɗora masa a cinya. In aka yi haka, a ganinsa, baki ya huta.

Akwai wani shago a cikin gari da ke sayar da ƙananan jiragen wasa da kayan haɗa su. Mai shagon mace ce mai tabarau a goshi, mai saurin magana. Ta karɓi takardar da yatsu biyu kamar mai tsoron kada ta narke.

“Baba, ina ka samo wannan? Kamfanin nan ai ya rufe tun ban shiga makaranta ba.”

“Akwai irinta?”

“A kwali dai babu. Amma duk ma'aunin yana nan a rubuce. In kana da hannu, za ka iya yin ta daga farko.”

Ya dube ta kawai. Ta dubi hannuwansa, ta ga tabon zarto da ɗan yatsan da ba shi da farce, ta yi dariya ta ce a yi mata afuwa. Ta haɗo masa bututu, da katako marar nauyi kamar totuwa, da zaren roba, da laima, da inji guda biyu, da sandar ƙarfe da rokar za ta bi wajen tashi, da madanni mai doguwar waya. Tana ɗaure kayan ta ce,

“Abu ɗaya zan faɗa maka, don masu hannu irinku ne suka fi faɗawa ciki. Hancin nan kada ka matse shi. In ta kai ƙarshen tashinta, injin zai yi ɗan tari daga ciki, tarin ne zai ture hancin, laima ta fito. Ya zauna sako-sako. In ka kifa ta kada ya faɗo, in ka girgiza ya zame.”

“Na ji,” in ji shi.

Ya ji ɗin, amma ta kunnen da ake jin wa'azin yaro. Mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana haɗa katako da katako, wanda a unguwa ake cewa teburinsa sai dai gida ya rushe a kansa, shi za a koya wa yadda abu ke zama cikin abu?

Mako uku ya yi a kanta, kuma rabon da ya ji daɗin safiya irin na makonnin nan har ya manta. Ya yanka fukafukan uku ya haɗa su wuri ɗaya ya goge da samfefa har suka zama kamar an haife su tare. Ya jingina bututun a jikin katakon ƙofa ya ja layuka uku miƙaƙƙu da fensir, yadda takardar ta ce. Ya manna fiffike ɗaya, ya riƙe shi da yatsu har gam ya kama, bai taɓa na biyu ba sai washegari. Wani lokaci sai ya ji kansa yana magana, yana cewa “to, tsaya nan,” sai ya ɗago ya ga ba kowa sai rigar aikinsa a jikin ƙusa. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo sau ɗaya ya tambaya ko jika ake yi wa. Ya ce a'a. Mai rediyo ya jira ƙarin bayani, bai samu ba, ya koma shagonsa.

Hancin ya bari a ƙarshe. Ya fiƙe shi a injin da yake fiƙe ƙafafun tebur, daidai da ma'aunin takarda, ya zura a bakin bututun. Ya shiga, amma yana ɗan motsi. Ya taɓa shi da yatsa, ya ji ƙas-ƙas. Wannan ƙarar ita ce abin da ya fi tsana a duniya, ita ce ƙarar aikin ganin ido, ita ce ya sha korar masu koyo a kanta. Ya ajiye ya sha shayi, ya dawo ya sake taɓawa, ƙas-ƙas ɗin na nan. Hali zanen dutse. Ya jefa hancin a kwandon shara ya fiƙe wani, wanda ya fi na farko kauri da abin da bai kai silin gashi biyu ba. Wannan ya shige tsam. Ya ja da ƙarfi, ya fito, ya ce ai ga shi yana fita. Sannan ya bi shi da baƙin fenti shafi uku, har wuyan da ke shiga cikin bututun, domin shi ba ya barin katako tsirara ko a inda ido ba ya gani.

Ranar Laraba ya kira 'yar Yaya. Sai da ya share murya sau biyu.

“Ina son ki kawo min shi ranar Asabar da hantsi. Filin bayan tsohuwar masana'antar bulo.”

“Fili kuma, Baffa? Lafiya?”

“Akwai abin da zan nuna masa.”

“To, zan gwada. Ka san saukowa da shi daga benen nan sai da mutum biyu. In maigidan yana nan za mu zo.”

Ranar Asabar tun ƙarfe tara yana filin. Ya zo da kujera mai ninkewa saboda Yaya, ya kafa ta inda inuwar katanga ta faɗo, ya gwada ta da nauyinsa. Ya kafa sandar ƙarfe, ya zura rokar, ya ja waya har gindin kujerar. Farar roka mai jan layi da baƙin hanci tana tsaye a tsakiyar ciyawa, rana na dukanta. Babu kowa a filin sai wani kare da ya zo ya shinshina jakarsa ya wuce. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya miƙe ya gyara hula.

Sha ɗaya ta wuce, inuwar ta janye daga kan kujerar, ya matsar da ita. Wajen sha biyu saura wayarsa ta yi ƙara.

“Baffa, ka yi haƙuri don Allah. An kira maigidan wajen aiki, ni kaɗai ba zan iya da matattakalar nan ba. Ko mako mai zuwa?”

“Ba komai.”

“Ka daɗe kana jira?”

“Yanzu na zo.”

Ya zauna a kujerar da ya kawo wa wani. Kaɗaici ya sauko masa sosai a wurin, irin wanda ba ya jin sa a shago saboda a can akwai abin taɓawa. Ya dubi madannin da ke kan ciyawa. Ya ce a ransa inji biyu ne, in ya gwada ɗaya yanzu ai hikima ce, kada ranar da Yaya ya zo abu ya ba shi kunya. Hujja ce mai kyau, kuma da ma hujja ba ta taɓa yi wa mai son abu wuyar samu ba. Gaskiyar ita ce yatsansa ne ke ƙaiƙayi, irin ƙaiƙayin da ya yi masa a bayan layin dogo.

Ya duba sama, babu jirgi, babu tsuntsu. Ya ƙirga daga biyar a hankali, ya danna.

Ta yi tsaki mai ƙarfi ta bar sandar tana rawa. Farin hayaƙi ya miƙe sambal, ko karkata babu, fukafukan da ya goge sun yi aikinsu. Ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, bakinsa a buɗe, kuma na 'yan daƙiƙu ya ji daɗin da ya manta akwai irinsa. Ta ƙanƙance ta zama ɗigo, ta tsaya cak, ta kwanta. Ya ji ɗan tarin daga sama, fuf, ya ga hayaƙi kaɗan ya fita ta gindinta. Hancin bai motsa ba. Zafin rana ya narka fentin wuyan ya manne shi da kwalin, aikin Kafinta ya riƙe kamar yadda ya saba riƙewa.

Ta juyo da kai ƙasa ta taho tana fito. Ta caki ƙasa can kusa da katanga.

Ya taka a hankali, don gwiwoyinsa ba sa gudu. Hancin ya nutse cikin ƙasa, bututun ya takure kamar hannun riga, fiffike ɗaya ya ɓalle, biyu suna nan daram. Ya tono ta da yatsu. Ya kama hancin ya ja, ya ƙi fita, laimar na ciki a ninke yadda ya sa ta. Ya tsaya riƙe da ita, ya ga abin da ya yi sarai: ya sake ɗaukar rokar Yaya ya harba ba da Yaya ba, yana da furfura a kai.

Ya san in ya koma gida zai ce zai ƙera wata, ya yi mako uku, ya ƙara uku, har wata rana a kira shi a ce Yaya ya cika. Don haka bai bi ta gida ba. Ya naɗe gawar rokar a tawul, ya rataya kujera a kafaɗa, ya hau bas. Hawa huɗun nan sai da ya huta sau biyu.

'Yar Yaya ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu, ta ga ƙasa a gwiwar wandonsa, ba ta tambaya ba, ta nuna masa ɗakin. Yaya na zaune a kujerar guragu kusa da taga, hannun hagu a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Kafinta ya buɗe tawul ɗin ya ɗora masa.

“Mene ne wannan?” in ji Yaya. Maganarsa tana fita a hankali, amma ana ganewa.

Da lafiyayya ce, da ya yi shiru ya bar ta ta yi bayani. Wannan kuwa ba ta iya cewa komai, dole ya buɗe baki.

“Rokarka ce. Wato irinta. Wadda Baba ya kawo maka, aka ce ɓarawo ya ɗauke ta taga. Ba ɓarawo ba ne, Yaya. Ni ne. Na kai ta bayan layin dogo na harba, iska ta tafi da ita. Na taya ka nema ina sane. Na ƙera wannan in mayar maka, yau kuma na sake harbawa ba ka nan, na fasa ta. Ka yafe min.”

Bai taɓa jera magana mai tsawon haka ba tun rasuwar matarsa. Ya tsaya yana jiran hukunci, idonsa a kan tayar kujerar.

Yaya ya juya rokar da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kallon jan layin.

“Wace roka?” ya ce.

Kafinta ya ɗago. Ya zaci ciwon ne ya taɓa masa tunani, amma idon Yaya garau yake, irin na mutumin da ke lalube da gaske.

“Na tuna Baba ya taɓa kawo wani abu a kwali,” in ji Yaya. “Ba jirgin ruwa ba ne?”

“Roka ce. Wata guda ka yi kana haɗa ta.”

“To. Ka ga ni ban riƙe ba.” Sannan ya dube shi sosai. “Auta, kana nufin saboda wannan ne ka daina yi min magana?”

Ba wanda ya rage a duniya da ke kiran sa da wannan sunan. Ya gyaɗa kai.

Yaya ya jingina kansa da kujera ya rufe ido. Da ya buɗe, sai ya ce, “Ni kuwa na ɗauka makaranta ce. Ni aka zaɓa aka tura, kai aka kai ka shago kana shaƙar garin katako, alhali ka fi ni kai. Duk lokacin da na zo hutu sai ka sunkuyar da kai ka fita. Na ce yaron nan ba zai taɓa yafe min ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa ban matsa maka ba.”

“Ni ban taɓa son makaranta ba,” in ji Kafinta. “Murna na yi da aka kai ni shago.”

Daga kicin ana jin murfin tukunya na rawa. Su biyun suka zauna, kowa na duban abin da ya ɗauka shi kaɗai tun suna yara, wanda ɗayan bai ma san da shi ba. Baƙin ciki ya cika Kafinta, ya fi wanda ya zo da shi nauyi, domin wancan aƙalla yana da dalili.

“Shekara nawa ke nan?” in ji Yaya.

“Hamsin da shida.”

Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar Yaya da ba ya motsi, bai ji shi ba balle ya share. Kafinta ya rasa inda zai sa idonsa. Ya miƙe kamar yadda ya saba, ya kai hannu zai naɗe tawul ɗin, yana cewa zai je ya ƙera wata, wannan karon zai sassauta hancin. Yaya ya danne rokar da tafinsa, ya ƙi saki.

“Bar ta nan. Ka ce sau biyu ta tashi?”

“Sau biyu.”

“Kuma duka biyun kai kaɗai ka gani.”

“Ni kaɗai.”

“To zauna ka ba ni labari, tunda ni ban ga ko ɗaya ba. Fara da ta farkon. Kada ka yi sauri, ba inda za ni.”

Kafinta ya jawo kujera kusa da ta wansa, ya zauna har ciki. Ya dubi hannuwansa, babu abin da za su iya yi masa a nan. Ya share murya, ya ce ranar Talata ce, kuma akwai iska.